Na Ƙara wa Mota Gudu Saboda Idi

Daga hannun mahaifinka Garba Direba, a nan Gaya, zuwa ga ɗana Muntari.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce in gaya maka ta sa albarka.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba, don jiya-jiya ka bar shi. Da baki na so in yi maka wannan magana, amma ka san halina, in na zauna gabanka sai harshena ya yi nauyi, in ɓige da tambayarka ko ka ɗaure kayanka da kyau. Shi ya sa na ɗauko ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace, ka yi haƙuri, hannun sitiyari ne.

Za ka zauna a shagon Alhaji Idi, wanda kake kira Baba Idi, ka koyi sayar da kayan gyaran mota da na babur. Sana'a ce mai kyau, kuma yanzu ne lokacinta, tunda babura sun cika gari, ƙauye ma kowa so yake ya hau. Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne wani kallo da na ga ka yi. Ranar da abokinka ya zo ƙofar gida da babur ɗinsa, ya sa masa sabuwar salansa mai ƙara da madubai masu ƙyalli, na ga yadda ka zuba wa babur ɗin ido, sannan ka juya ka dubi naka kamar ya yi maka laifi. Na san wannan kallon, Muntari. Nawa ne. A gidan nan ka gaje shi.

Ni da Idi tare muka tashi. Ni ɗan Kademi, shi ɗan Balan, ubangida ɗaya ya koya mana tuƙi a kan motar katako mai kai gyaɗa Kano. Kwano ɗaya muke ci, in ruwa ya tare mu a hanya ƙarƙashin mota ɗaya muke fakewa. Ba da daɗewa da samun mulkin kai ba Allah Ya buɗa mana, kowa ya mallaki akori-kura tasa. Iri ɗaya ne, launi ɗaya, in ka tsaya daga nesa ba ka bambance su. Hanyarmu ma ɗaya: Ajingi, Gaya, Wudil, Kano, mu ɗauki mutane da buhuna da awaki da duk abin da Allah Ya kawo.

To, sai na fara lura da wani abu. Ranar kasuwar Ajingi in muka jera a tasha, motar Idi kan cika tawa tana hamma. Tsohuwa za ta zo da ƙwaryarta, in ce, "Inna, ga wuri a gaba," ta ce, "A'a ɗan nan, Idi nake jira." Ta zauna a rana tana jiransa alhali ga tawa a inuwa. Da farko dariya nake yi. Daga baya dariyar ta daina fitowa. Na wayi gari in na ji an ambaci sunan Idi sai raina ya ɓaci.

Ban tsaya na tambayi kaina me Idi yake yi wa mutane ba. Cewa na yi motarsa ce ta fi tawa, ko kuma wani asiri ya yi. Na je Kano wajen masu kayan mota na sayo oda irin ta manyan motoci, mai busa kamar kakaki, na ƙara fitilu a goshin motar, na rataya tuntaye a madubi. Na sa aka rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe: KA GANI KA KAUCE. Duk wanda ya karanta ya san da wa nake.

Ranar da na fara shiga Ajingi da odar nan, na danna ta tun daga bakin gari don kowa ya san na iso. Akwai wata Bafulatana a gefen hanya da ƙwaryar nono a ka, tana kore da ɗan maraƙinta. Maraƙin ya zabura ya bangaje ta, ƙwarya ta tarwatse, nono ya malale a ƙasa. Ta tsaya ta dube ni, ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Direba, me na yi maka?" Na ba ta haƙuri, na gyara abin da zan iya gyarawa, amma kasuwa ta riga ta gani. Ranar nan yara ne kawai suka yi ta bin motata suna cewa in ƙara busawa. Masu tafiya kuwa, motar Idi suka shiga.

Ka riƙe wannan, ɗana. Ado ba laifi ba ne. In mutum ya zo shago yana son madubi ko fitila don ransa na so, ka sayar masa, ka taya shi zaɓe. Amma kai kanka, kada ka ɗaura wa abin hawanka komai don wani ya gani ransa ya ɓaci. Yawanci wanda ka yi dominsa ba ya ma lura, sai wanda bai ji ba bai gani ba abin ya faɗa wa.

Da oda ta ƙi yi mini aiki, sai na ce gudu ne. In ina riga Idi isa Kano ina riga shi dawowa, dole mutane su bi ni. Na koma Kano wajen wanda ya sayar mini da odar. Mutum ne mai zaƙin baki, ya karanci fuskata tun kafin in zauna. Ya ɗauko wata kafireta, wato abin da ke haɗa mai da iska ya tura wa inji, amma ta mota ce da ta fi tawa girma. Ya ɗora ta a kan kanta yana shafa ta.

Ya ce, "Wannan in ka sa, burji zai zama kwalta. Direbobin wajenku ma sun fara tambayarta. Akwai wani dogo, mai 'yar akori-kura irin taka, shi ma ya ɗaga ta ya duba."

Na ce, "Idi?"

Ya ce, "Ina jin haka sunansa."

Ƙarya yake yi, ni na sa masa sunan a baki. Amma a lokacin ko tayi ban yi ba, na ce a naɗe mini.

Na kawo ta Gaya wajen Malam Tanko bakanike, wanda ke duba motocinmu ni da Idi. Na ce ya ɗaura ta, ya kankare kan silinda don wuta ta ƙaru, ya kuma fasa cikin salansa hayaƙi ya riƙa fita ba tangarɗa. Ya juya kafiretar a hannunsa, ya dube ni.

Ya ce, "Garba, ɗaurawa ba wuya. Amma birkinka fa? Tayoyinka na baya sun suɗe. Wanda zai ƙara wa doki hatsi, linzami yake fara dubawa."

Na ce, "Idi ne ya ce ka gaya mini haka?"

Ya ɗauki sifana ya hau aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, motar ta yi gudu. Ranar farko da na taka ta a hanyar Wudil sai da na yi ihu ni kaɗai don daɗi. Injin na ruri, bishiyoyi na wucewa kamar ana janye su. Na wuce Idi ya tsaya yana sauke wani dattijo, na danna masa oda, na ɗaga masa hannu. Shi ma ya ɗago mini hannu yana murmushi. Murmushin nan ya ɓata mini yinin gaba ɗaya.

Sai dai gudun ya zo da 'yan rakiyarsa. Motar ta koma shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Lagireto ya riƙa tafasa, sai na tsaya a hanya ina neman ruwa a gidajen mutane, Idi ya zo a hankali ya wuce ni, ko ya tsaya ya miƙo mini galan ɗinsa, wanda ya fi wucewar ciwo. Filogi na ƙonewa, ƙarar salansa na sa jarirai kuka. Mai ƙwai ya shiga motata sau ɗaya bai ƙara ba.

Ga shawarata a nan, kuma ta shafi sana'arka kai tsaye. Duk wanda ya zo yana son abin ƙara gudu, ka tambaye shi birkinsa da tayarsa kafin ka miƙa masa. In ya ji haushi, ya ji. Ƙarfe jiki guda ne, ba a ƙarfafa gaɓa ɗaya a bar sauran. Sannan ina haɗa ka da Allah, kada ka taɓa sayar da kaya da sunan wani. Kada ka ce wa mutum "wane ma ya sayi irinta." Na san ciniki na tafiya da haka, don da haka aka kama ni. Amma wanda ya hura wutar hassada a zuciyar direba, yana da kaso a duk abin da ya faru a hanya.

Ban tsaya nan ba. Da na ga mutane sun guje ni, sai na ce to in fi Idi ɗaukar kaya. Lokacin kakar gyaɗa ne, buhuna ko'ina. Na sa aka ƙara wa sifirin na baya ƙarafa, aka ɗaga bodin, ta yadda zan loda abin da Idi sai ya yi sawu biyu. Motar ta ɗauka, amma ta sandare. In ba kaya a kanta, kowane rami sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Mahaifiyarka ta shiga sau ɗaya za mu Kademi gaisuwa, da muka sauka ta daɗe tana dafe da ƙugu.

Da muka koma gida ta ce mini, "Malam, in faɗi wata magana?"

Na ce ta faɗa.

Ta ce, "Ba motar Idi mutane ke bi ba, Idi suke bi. In ya ce zai tashi da hantsi, da hantsi zai tashi. Yana tsayawa a yi salla. Tsohuwa in za ta sauka, shi ke riƙe mata kaya. Abin da kake kashewa a oda, shi a taya da baƙin mai yake kashewa. Kai ma da haka kake, kafin ka fara kallonsa."

Gaskiya ta faɗa, tsantsarta. Amma ni abin da kunnena ya ji shi ne, matata ma ta san kirkin Idi. Na tashi na bar mata tuwon ban ci ba. Kwana da kwanaki ina amsa mata magana da ka. Ka ji wautar ubanka. In Allah Ya ba ka mai gaya maka gaskiya a cikin gida, Muntari, kada ka hukunta ta don gaskiyar ta zo da sunan wanda ba ka son ji.

Yanzu na zo kan abin da ka sha ji a bakin mutane guntu-guntu. Gara ka ji shi a jere daga wanda ya yi.

Kana jariri a lokacin, ba ka ko fara rarrafe ba. Mahaifiyarka ta kai ka Ajingi wajen 'yan uwanta, sai zazzaɓi ya kama ka, jikinka ya yi zafi har kana sanƙarewa. Ranar kasuwa ce, ni da Idi duk muna tasha, amma ni na zaga bayan kasuwa ina lodin gyaɗa. Ta fito da kai a rikice za ta asibiti. Ta duba ba ta gan ni ba, ga motar Idi ta kusa tashi. Ko da ta gan ni ma, ta san yadda motata ke jijjiga, ba ta ɗaukar yaro mara lafiya. Idi ya sauke mutumin da ke gaba, ya zaunar da ita, ya bar sallahu a gaya mini in biyo su.

Da na fito da lodi, ban samu sallahun yadda aka bar shi ba. Wani ɗan kamasho mai neman dariya ne ya tare ni. Ya ce, "Ka-gani-ka-kauce, yau har uwargida ta gani ta kauce! Tana gaban motar Idi." Tasha ta kwashe da dariya. Wani dattijo yana cewa, "Yaron ne ba lafiya, Garba, tsaya ka ji," amma ban tsaya ba. Na ji shi sarai. Ba zan ce ban ji ba. Sai dai a wannan lokacin ciwon ɗana bai kai mini dariyar nan zafi ba.

Na shiga mota na taka ta. Buhuna sun yi tsororuwa a baya, ni kuwa na ba ta wuta har allurar maleji na rawa. Abin da ke raina shi ne in cim masa, in sha gabansa, in sauke iyalina a gaban fasinjojinsa, kowa ya ga motar wa ta fi.

Ka san gangaren nan na hanyar Gaya, inda ake sauka zuwa 'yar kwalbatin da mota ɗaya kawai ke iya bi. A nan na hango shi, yana tafiya a hankali saboda kai. Na danna oda. Na matso, na matso, sai na ga kwalbatin ta taso, ba wurin wucewa. Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa, motar ko gezau. Nauyin gyaɗa na tura ni, injin na ja na. Na sake takawa, na ja na hannu, na ji wani abu ya ɓalle a ƙasa. Bayan motar Idi cike yake da mutane, ina ganin fuskokinsu, wata mata ta ɗora hannu a ka tana salati.

Idi ya gan ni a madubi. Daga baya fasinjojinsa suka ce "Innalillahi" kawai ya ce, ya murɗe sitiyari ya bar mini hanya. Lokacin ana bin hannun hagu ne, ya sauka ta hagu cikin kwazazzabo. Akwai wata ɗorawa a wurin, ba yadda za a yi ya kauce mata. Ya karkatar da motar yadda ɓangarensa ne ya dake ta, ba ɓangaren da kuke ba. Ni kuwa na wuce fuu ta kan kwalbatin, ban tsaya ba sai da hawan gaba ya kashe mini gudu.

Na dawo da gudu a ƙafa. Mutane na fitowa daga bayan motar, wasu da ƙujewa, wasu da targaɗe, ba wanda ya mutu. Mahaifiyarka na zaune a ƙasa ta rungume ka, goshinta na jini, kai kana tsala kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin kukan nan ba. Idi kuwa ƙofa ta matse masa hannun dama. Da muka ɓanɓare ta muka fito da shi, ya buɗe ido ya gan ni, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaron fa?"

Wata motar kaya ce ta kwashe mu zuwa asibiti. Kai ka warke cikin 'yan kwanaki. Hannun Idi ba a yanke shi ba, amma ya shanye, yatsun ba sa damƙa. Direban da ba ya damƙar sitiyari ya gama tuƙi. Da manya suka zauna kan maganar, cewa ya yi ƙaddara ce, birki ne ya tsinke, kuma birki na tsinke wa kowa. Bai nemi komai a wurina ba.

Za ka zaci a nan ciwona ya warke. Ina fa! Wannan ne abin da nake so ka fahimta game da hassada, don ba a faɗarsa a wa'azi yadda yake. Garin nan kaf, daga Gaya har Ajingi, ba a zancen kowa sai Idi. Idi jarumi, Idi ya ba da hannunsa ya ceci mota guda. Mata na kai masa fura, malamai na zuwa yi masa addu'a. Ni ina zaune a bakin gadonsa ina yi masa fifita, ina jin ana yabonsa, wallahi sai na ji ina ƙyashin karyayyen hannun nan. Na ce a raina, ko a haɗari ma shi ya fi ni. Mutumin da ya ceci matata da ɗana ke nan. Na yi istigfari, abin ya lafa, wani ya shigo ya sake yabonsa, ya dawo sabo.

Ka ga ke nan ba maganar kafireta ba ce tun asali. Da na samu injin jirgin sama na ɗaura, da ban huta ba. In ka ji wannan abu ya motsa maka, kada ka nufi kasuwa, ba a sayar da maganinsa a can. Ka yi wa mutumin addu'ar ƙarin alheri da bakinka, ko zuciyarka ba ta so, ka yi ta yi har ta gaji ta bi ka. Ni ban fara da wuri ba, shi ya sa nawa ya yi jijiya.

Motar Idi ba ta gyaru ba. Aka jawo ta Gaya aka ajiye kusa da garejin Malam Tanko. Da ya fito daga asibiti, ba sana'a, ga iyali, sai ya shimfiɗa buhu a gefenta ya fara kwance ta yana sayarwa. Yau fitila, gobe lagireto, jibi giya. Da hannun hagu yake miƙa kaya. Ni kuma na kai tawa na ce Malam Tanko ya cire duk abin da na ɗaura, ya mayar da ita yadda kamfani ya yi ta, ya goge rubutun baya. Sai aka nemi tsohuwar kafiretata aka rasa, don tun ranar da aka cire ta na yar da ita a bola. Malam Tanko ya tsallaka wajen Idi ya ɗauko tasa. Har na rabu da motar nan, da kafiretar Idi take numfashi, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Da kayan motarsa suka ƙare, direbobi ba su daina zuwa ba, don sun ga in ya ce abu na da kyau, to yana da kyau, in na jabu ne zai ce na jabu ne. Ya fara sayen matattun motoci yana kwancewa. Daga nan ya koma Kano ya kama rumfa, rumfa ta zama shago, ya je Makka ya dawo. Ni ina nan ina jan buhuna tsakanin Ajingi da Wudil. Duk lokacin da na ji an ce Alhaji Idi ya ƙara shago, sai wata murya ta ce mini, da hannunka ka tura shi cikin arzikin nan. Ka ji irin lissafin mai hassada, har cutar da ya yi wa mutum yana baƙin cikin ta zama alheri.

A sana'arka ka kwaikwayi Alhaji a wannan: ka kira kaya da sunansa. Na kamfani, na kamfani ne. Kwaikwayo, kwaikwayo ne, kuma ba duk kwaikwayo ne banza ba, wani ma ya fi dacewa da hanyoyinmu. Ka gaya wa mai saye gaskiya ya zaɓa da idonsa a buɗe. Abin da za ka miƙa ta saman kanta, rayukan mutane za a ɗora a kai.

Watan jiya da Alhaji ya zo neman a ba shi kai, bayan an yi sallar la'asar muka zauna a zaure mu biyu. Ya tsufa, ni ma haka. Yana shan fura da hannun hagu, na dama na kwance a cinyarsa. Ya ce ya ga kana da kai, kana son ƙarfe, kuma yana son wanda zai amince wa. Na yi ta kallon motarsa a ƙofar gida, direbansa na ciki, yaran unguwa sun kewaye ta. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

Na ce, "To Idi, ka ci tseren."

Ya ajiye ludayi. Ya ce, "Wane tsere?"

Na ce, "Wanda muke yi tun muna da akori-kura. Odar nan, da kafireta, da sifirin, duk saboda kai na sa su. Ranar kwalbati ma ba asibiti nake sauri ba. Gabanka nake so in sha."

Na zaci zai tashi ya tafi, ko ya ce dama ya sani. Sai ya girgiza kai a hankali.

Ya ce, "Garba, wallahi ban san tsere muke ba. Ni na ɗauka son mota ne kawai ke damunka. In ka wuce ni kana busa odar nan, daɗi nake ji, in ce wa fasinja, ga ɗan uwana can."

Ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba da shan fura. Can ya ce, "Ya wuce. Yaushe za ka ba ni yaron?"

Muntari, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙuruciyata duka na ƙarar ina gudu, na lalata mota, na kusa kashe ka, na shanye wa mutum hannu, ashe ni kaɗai ne a filin. Ka duba da kyau kafin ka ɗauki wani abokin gasa. Mai yiwuwa shi ɗan uwa ya ɗauke ka.

Ba zan yi maka ƙaryar cewa na warke sarai ba. Da kuna loda kayanka a motarsa, na ji ka ce, "Baba, a ina zan sa wannan?" na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba da ni kake ba. Abin nan ya sake taso mini. Amma wannan karon na san shi, na kira shi da sunansa, na ce Allah Ya ƙara wa Idi, na maimaita har kuka ɓace a kwana.

Saboda haka ka zauna da shi da amana. Ka tashi kafin ya tashi, ka zama hannunsa na dama, don ta dalilinmu ya rasa nasa. Abin da ya koya maka ka riƙe, ko ya saɓa wa abin da na koya maka, don a wannan fanni ya fi ni sani. Ka yi masa biyayya kamar yadda kake yi mini, ko ma fiye. Wannan "fiye" ɗin da ƙyar hannuna ya rubuta shi, amma na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya kiyaye ka a kan babur da cikin mota, Ya kiyaye duk wanda zai hau abin da ka sayar. Allah Ya ba ka zuciya mai wadatuwa da rabonta, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka riƙe salla. Ka gai da Alhaji da iyalinsa, ka ce masa na gode.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba